Inda Wayar Ta Tsaya

Mai gyaran rediyo yana da ciwo guda: duk abin da aka ɗaure da noti sai ya ga cikinsa. Laftof ɗin matarsa ma bai tsira ba. Wani abokinsa ne ya zuga shi, wai manhajar kamfani a kulle take, ba wanda ya san abin da take yi a ɓoye. Akwai buɗaɗɗiya, kowa na iya dubawa ya gyara. Har 'yar manhajar da ke tayar da injin, wadda ke zaune cikin wani guntu kamar ƙwayar wake, ana sauya ta.

Ranar da ya kama aikin kuwa ita ce ranar da 'yarsu da ta haihu can nesa ta ce za ta kira da la'asar ta nuna jinjirin. Wayoyin gidan duk ƙanana ne, ba sa nuna mutum.

Matar ta leƙo shagon da ke jikin gida, ta tarar da laftof ɗinta a kife, ciki a waje, an maƙala wa guntun wani abu kamar matsin shanya.

"Malam, yau ɗin ka zaɓa?"

"Ke dai ki zuba ido. Yanzu zai zama namu na gaske."

"Da can na maƙwabta ne?"

Ya gama, ya ɗaure, ya kunna. Allo ya yi baƙi ƙirin har gumi ya karyo masa, sannan ya kawo, da sauri kuwa kamar sabo. Ya gyara zama yana hura hanci. Sai dai intanet ya ce bai san zancen ba. Ashe ɗan katin da ke kamo shi ta iska ba ya aiki sai da kullalliyar manhaja, sabuwar kuma ta ƙi ta. Ya fara yi wa matar bayanin katin.

"Ni ban san kati ba," in ji ta. "Jikana na sani."

Ta rantse ba za ta gana da jikanta cikin tarkacen shago ba. Ya zazzage kwali ya zaro doguwar wayar da ke kai intanet cikin laftof, ya soka a akwatin intanet, ya ja ta ta taga, ta tsakar gida, ya nufi falo. Wayar ta ƙare daidai ƙofar kicin. Ya ja, ta ƙi.

Nan matar ta kife bokiti ta zauna da sabon mayafinta, laftof a cinya, shi kuma ya durƙusa yana riƙe da bakin wayar kada ta zame. Kira ya shigo.

"Mama, me kike yi a ƙofar kicin?"

"Tambayi babanki. Ɗago min jinjirin in gani."

Fuskar jinjirin ta cika allo. Matar ta goge ido da gefen mayafi, sannan ta dubi mijin.

"Ga kunnuwanka nan sak. Allah dai ya sa bai gado hannun ba."