Barkar Gasto

A shekarar da aka yi ƙuri'ar i ko a'a kan mulkin Nasara, duk Damagaram babu kuku kamar Illa. Ya dafa wa Nasara iri-iri, wasu zazzaɓi ya kwashe su, wasu jirgi ya mayar da su gida, shi kuwa yana nan daram da haƙoransa. A lokacin yana aiki gidan wani Bafaranshe mai sayen gyaɗa, wanda kowa ke kira Mushe, matarsa kuma Madam.

Madam ba ta taɓa haihuwa ba, sai dai tana da wani ɗan mitsitsin kare mai gashi buzu-buzu, sunansa Gasto. Illa ne ke dafa masa hanta, shi ke yi masa wanka da sabulu mai ƙamshi, amma bai taɓa barin wannan magana ta ƙetare ƙofar gidan ba. Dalili kuwa, yana neman auren Zuliha a cikin Birni, kuma wuƙa da nama suna hannun kakarta Iya Kellu, Babarbariya, ungozomar da ta yanke cibiyar rabin unguwa. Ta sha faɗi a gaban jama'a cewa jikarta gara ta auri kuturu da ta auri mai shafa kare.

Wata safiya Madam ta kira Illa ta ce gobe Gasto zai cika shekara, za a yi masa feti, wato biki. A dafa cinyar rago, a yi gato, wato kek mai ƙwai da sukari. Illa ya ce to, ya ɗauki kwando ya nufi kasuwa. Yana cikin cinikin cinya sai ya ji an dungure masa ƙeya.

"Kai mijina na banza, wa za ka ciyar da wannan uban nama, ni ko ƙashi ban gani ba?"

Ya juya ya ga Iya Kellu. Ya rusuna ya ce, "Amarya, ba nawa ba ne. Fetin haihuwa ake yi gobe a gidan Madam."

Tsohuwa ta dafe ƙirji. "Haihuwa? Ikon Allah! Bayan wannan daɗewa? Mace ko namiji?"

To, Illa mutum ne da bai taɓa yin ƙarya ba tun da uwarsa ta haife shi. Ya ce, "Namiji ne, wannan babu tantama."

"Lafiyayye?"

"Ci kamar gara. Ga murya, in ya fara ba mai barci."

"Masha Allah. An raɗa masa suna?"

"Gasto."

Ta gwada sunan a bakinta, ta yamutsa fuska, ta ce kowa da irin nasa. Illa ya koma gida yana yaba wa kansa, a zatonsa magana ta ƙare.

Washegari da hantsi an shimfiɗa farin ƙyalle a tebur ƙarƙashin bishiyar bedi, ga gato, ga cinya tana turiri, ga Mushe yana goge na'urar hotonsa. Sai Illa ya ji sallama. Iya Kellu ce a gaba, mata na biye da ita cikin zannuwan fita, da Larai mai ƙosai, da Ramlatu matar liman, kowa da ƙwarya a ka. Kunun kanwa, yajin jego, sabulun salo, turaren wuta, har da 'yar hular saƙi ja. Barka suka zo.

Illa ya ga Zuliha tana kuɓuce masa kamar kifi a hannu. Amma namiji ba ya mutuwa kafin ajalinsa. Madam ba ta jin Hausa sai "sannu" da "madalla", matan kuma ba sa jin Faransanci ko na sayen gishiri. Duk maganar da za ta wuce, ta bakinsa za ta bi.

Iya Kellu ta durƙusa ta ce, "Barka da arziki, barka da sauka lafiya. Allah ya raya."

Illa ya ce wa Madam, "Manyan matan Birni ne. Sun ji labarin Gasto, sun kawo masa kyauta, kado."

Madam ta tafa hannu, ido ya cika da ƙwalla, tana ta "madalla, madalla". Iya Kellu ta bi ta da kallo daga sama har ƙasa, ta raɗa wa Illa, "Mai jego da takalmi mai tsini? Wa ke yi mata wanka?"

"Nasu jegon haka yake, Iya."

"Za ta ruɓe. To, a kawo mini yaron in duba cibiya."

Illa ya ce yana barci. Ta ce an saba. Ya ce ba ya son baƙi. Ta ce wane jariri ne ya san baƙo. Kafin ya laluɓo wata dabara, Madam ta riga ta shige ɗaki da gudu, ta fito rungume da kwando lulluɓe da farin mayafi.

Iya Kellu ta zauna a tabarma, ta miƙe ƙafafu, ta gyara zani a cinya, ta karɓi kwandon da bisimilla. Ta toshe hanci ta rangaɗa guɗa irin wadda ake ji har unguwar Zango, mata suka amsa. Ramlatu ta miƙo 'yar hula. Tsohuwa ta ɗaga mayafi tana cewa, "Ina angon nawa?"

Ango ya miƙo kai ya lashe ta tun daga haɓa har goshi.

Daidai nan na'urar Mushe ta ce ƙyas.

Larai ta zubar da kunu. Ramlatu ta yi salati ta ja da baya har ta taka yaji. Iya Kellu ta sandare, kare a cinya, hula a hannu. Madam ta karɓi hular ta ɗora wa Gasto, ta zauna masa ɗas kamar an auna. Shi kuma ya dira ya hau lasar kunun kanwa.

Tsohuwa ta juyo a hankali. "Illa. Ɗan banza. Kare?"

"Amarya, na ce miki mutum ne? Kin tambaya mace ko namiji, na ce namiji."

"Kai ke dafa masa?"

"Ni ne."

"To ka ga Zuliha, ka ga ƙarshen ganinka."

Illa ya durƙusa kusa da ita cikin ladabi, ya yi ƙasa da murya. "Gaskiyarki ne, Iya. Ni dafa masa kawai nake yi, ban taɓa yi masa guɗa ba. Ban taɓa kiransa angona ba. Ga shi Mushe ya ɗauka a hoto, kuma irin wannan hoton a kanti yake son kafawa, inda 'yan gyaɗa ke layi. Sai dai ni ke share ɗakin da ake ajiye hotunan. Hoto yakan ɓace."

Iya Kellu ta dubi Ramlatu, Ramlatu ta dubi Larai, Larai ta dubi ƙasa.

Illa ya miƙe ya shaida wa Madam cewa a al'adar Damagaram, masu kawo kado su ke tafiya da naman. Madam ta ce al'ada mai kyau. Aka naɗe cinya sukutum a ƙwaryar Larai, aka ɗora rabin gato a kai. Gasto bai damu ba, kunu ya fi masa.

A bakin ƙofa tsohuwa ta tsaya tana goge fuska da ƙasa. Ba ta dube shi ba ta ce, "Ka turo manyanka ranar Juma'a. In kuwa na ga hoton nan, ni da na yanke cibiyoyi, na san abin da zan yanke."

Da suka shiga Birni, mata suka fito ƙofar gida suna tambaya, yaya mai jego, yaya jariri, da wa ya yi kama.

Iya Kellu ta ce, "Lafiya lau. Ubansa sak. Ga gashin, ga dogon hancin."