Guguwar Sabon Titi

Tayar gaba ta bar ƙasa, babur ɗin ya miƙe yana sharara gudu a kan ƙafa ɗaya, yaron da ke kai kuma ya saki hannu guda yana ɗaga wa masu ihu. Bakaniken da ke kallon hoton bidiyon ya riƙe wayar da bakin yatsunsa don kada baƙin mai ya ɓata ta, ya ƙara matso da ita kusa da fuskarsa.

"Ba autanka ba ne wannan?" in ji direban da ya kawo gyara, wanda shi ne mai wayar. "Ai Guguwa suke ce masa. Duk yaran unguwa shi suke kallo."

Autansa ne kuwa. Ga rigar makarantar nan a ɗaure a ƙugu, ga tsohon jan babur ɗin garejin da ake aiken yaron da shi sayen kayan gyara. Gaban bakaniken ya faɗi, amma a ƙarƙashin faɗuwar gaban akwai wani abu mai ɗumi da bai so ya kira sunansa ba. Yadda yaron ke sarrafa birkin baya da ɗan yatsan ƙafa, ba kowane babba zai iya ba.

"Ɗan banza," ya ce yana murmushi, ya miƙa wayar. "Ko ni a zamanina ban kai nan ba."

Da ya koma gida ya tarar labarin ya riga shi. Matarsa na tsaye a bakin murhu, ludayi a hannu, ko sannu da zuwa ba ta yi masa ba.

"Baban Auta, ka ga abin da ɗanka ke yi a titin nan da ba a buɗe ba?"

"Na gani. Ƙuruciya ce, zai bari."

"Ƙuruciya? Jira kake a kawo min shi a kwance?"

Don a zauna lafiya ya kira yaron. Auta ya zo ya durƙusa, shekarunsa sha shida, duk tsawo ba nama, kansa a ƙasa kamar na kirki. Uban ya yi faɗa, ya ambaci karaya, ya ambaci mutuwa, amma shi kansa ya ji muryarsa ba nauyi.

"Baba, wallahi na iya. Waɗanda ba su iya ba su ke faɗuwa."

Bakaniken ya karɓe makullin ya jefa a aljihu, ya ɗauka magana ta ƙare. Ya manta cewa da hannunsa ya koya wa yaron yadda ake haɗa waya a tayar da babur in makulli ya ɓace.

* * *

Yana kwance a ƙarƙashin wata mota da la'asar sai ya ga ƙafafu sun tsaya a kansa, ba takalmi. Kafin mai ƙafafun ya buɗe baki, sufana ta suɓuce daga hannunsa.

Motar yashi ce ta fito daga kwana, a titin da kowa ke cewa babu mota a cikinsa. Tayar gaba na sama, Auta bai ga komai ba sai sararin sama. Kuma ba shi kaɗai ba ne. Ya goyo ɗan telan da ke maƙwabtaka da su, abokinsa tun suna rarrafe, wanda ya saki hannuwa biyu don ya ɗauki hoton tafiyar.

Auta ya karye a cinya da haƙarƙari. Ɗan tela ko asibiti bai kai ba.

Washegari bakaniken ya shiga gidan telan. A zaure ya same shi, kusa da keken ɗinkin da aka lulluɓe da zane. Sun yi shekaru suna zolayar juna a kan wa ya fi wani saɓa alkawari, tela ko bakanike. Yanzu ga shi durƙushe a gabansa.

"Tashi, maƙwabci," in ji telan a hankali. "Kwana ne ya ƙare." Ya murza wani guntun zare. "Sai dai da ka faɗa min. An ce ka ga hoton tun tuni. Ni ban san yana hawa ba."

Da zaginsa ya yi, da ya fi masa sauƙi.

* * *

A asibiti Auta ya daina magana. Yakan zuba wa silin ido, ƙafarsa a rataye da ƙarfe, abinci ya huce a gefe. Uwar ba ta taɓa ce wa mijinta ai na faɗa maka ba. Tana goge wa yaron fuska, tana juya shi, in mijin ya shigo sai ta matsa masa kujera ta fita.

Wata rana da suka rage su biyu, yaron ya ce, ba tare da ya juyo ba, "Baba, shi fa cewa ya yi tsoro yake ji. Ni na ce masa rago."

Uban ya kama hannunsa. Tafin duk kanta, irin tasa.

* * *

Bayan wasu makonni shugaban makarantar su Auta ya zo gareji da kansa. "Mun yi wa ɗalibai magana kan wasa da babur har mun gaji," ya ce. "Wataƙila in suka ji daga bakinka."

Bakaniken bai taɓa tsayawa gaban taro ba. Ya wanke hannu da omo har fata ta yi zafi, baƙin dai bai fita daga farce ba. Ya tafi da kan babur ɗin, wanda ya lanƙwashe kamar an murɗe tsumma, ya ɗora a kan tebur a gaban ɗaliban.

"Wannan ƙarfe ne," ya ce. "Da guduma nake fama kafin ya tanƙwaru. Ku dubi yadda ya koma, sannan ku taɓa wuyanku."

Ya ba su labarin matar telan da har yau take zuba abincin mutum huɗu a gidan da ya koma na mutum uku. Ya ba su labarin ɗansa da ke koyon tsayuwa da sanda. Wata yarinya a gaba ta rufe fuska da littafi. Ya ji kamar an ɗan sassauta masa abin da ya daɗe a ƙirjinsa. Ko yaro ɗaya ne ya ji, ai ya isa.

"Akwai mai tambaya?" in ji shugaban.

Daga can baya wani siririn yaro ya ɗaga hannu, na kusa da shi suna zungurinsa. Ya miƙe da ladabi, idanunsa na ƙyalli.

"Baba, don Allah, gudun nawa Guguwa yake yi a lokacin?"

Wani ya ƙyalƙyale da dariya, aka tsawatar masa. Bakaniken ya dubi yaron. Ba rashin kunya a fuskarsa, so yake kawai ya sani.

Aka kaɗa ƙararrawa, ɗalibai suka watse. Ya saɓi ƙarfensa ya fito. A bakin ƙofar makarantar, siririn yaron ya wuce shi a kan keke, jaka na lilo a baya. Ya waiga ya ga abokansa na kallo, ya gyara zama, ya ɗaga tayar gaba.