Rufin Ɗakin Hure

"Ba zan hau ba, Baba," in ji Tasi'u magini, yana kankare busasshen siminti daga cokalinsa. "Kwano nake jira. Da me zan rufa, da bakina?"

Nababa ya dubi ginin. Bulo ya tashi har linta, ciki da falo, sama kuwa sai gajimare. A gefe, ƙarƙashin rumfar kara, maƙwabcinsa Sabo yana kwance a tabarma yana tari, matarsa Hure tana yi masa fifita.

Shekarar da aka canja kuɗi ce, lokacin da mai kuɗi da maras shi suka koma layi ɗaya. A shekarar ne Sabo, da furfurarsa, ya ga ya kamata ya mutu a ɗakin siminti kamar kowa. Ya jinginar da gonarsa ta fadama wajen Alhaji Muhammadu Sani, mai shagon kayan gini a Dawakin Tofa. Alhaji ba ya ba da kuɗi a hannu, kaya yake saki kashi-kashi: siminti, sai katako, sai kwano. Ba ya sakin kwano sai ya ga katako a sama. Tasi'u kuma ba ya ɗora katako sai kwano ya sauka, kada rana ta lanƙwasa shi a ce aikinsa ne. Kowa da gaskiyarsa, kuma gaskiyar kowa ba ta tare ruwa.

Da tsohon ɗakin yana nan, da sauƙi. Amma tun da rani Tasi'u ya ce wa Sabo, me zai sa ya sayi tifar ƙasa ta ciko alhali ga ƙasa a tsaye? Aka rushe ɗakin da mahaifin Sabo ya gina, aka zuba shi cikin sabon harsashi aka daɓe. Sabo ya yi ta ba da labarin wannan dabara a bakin masallaci.

"Zo nan, Nababa," in ji Sabo. Muryar ta shige ciki. "Ni inda za ni akwai rufi. Itace da ƙasa, ba a jiran Alhaji. Ita fa? A ina za ta yi takaba?"

"Ka daina wannan magana, Malam," in ji Hure.

"In daina? Wata huɗu da kwana goma, tsakiyar damina, a gidan miji. Ga gidan mijin nan, kina ganin sa."

Ranar kasuwa Nababa ya hau kekensa ya tafi Dawakin Tofa. Alhaji ya tarbe shi da ruwan sanyi da doguwar gaisuwa. Bandir-bandir na kwano a jingine a bayansa, suna ƙara tsada ba tare da sun motsa ba.

"Malam Nababa, ai kai mai karatu ne. Farashin da muka yi magana a kai ya mutu tuntuni. Wallahi ni ma Kano ta canja min. Amma ina jin Sabo yana da 'yar gona a bayan gida. A haɗa da ita, gobe mota ta sauke."

"Mutumin yana gargara, Alhaji."

"Allah ya ba shi lafiya. Shi ya sa nake cewa a hanzarta."

Da Nababa ya kawo saƙon, Sabo ya rufe ido ya ce a ba shi. Hure ta ajiye maficin.

"A ba wa? Gonar da zan ci? In an rufa ɗakin sai in tauna kwano?"

"Hure, ruwa zai dake ki."

"Ya dake ni. Na sha dukan ruwa a gonar nan, bai kashe ni ba. Ba za ka sa hannu ba, Malam."

Bai sa ba. Ya juya fuskarsa wajen ginin, bai ƙara tayar da maganar ba, kuma Nababa bai san ko fushi ne ko sauƙi ya samu ba. Sabo ya cika ranar wata Talata da hantsi, hadari yana haɗuwa a gabas. A cikin falon da ba rufi aka yi masa wanka, don nan ne kaɗai ke da katanga. Alhaji da Tasi'u suka tsaya a sahu ɗaya, kafaɗa da kafaɗa, suka roƙa masa rahama.

Ƙanen Hure ya zo daga Shanono da niyyar tafiya da ita. Ta ce ko taku ɗaya. Ta sa aka shigar mata da tabarma da buta cikin sabon ɗakin, ta zauna a kusurwa cikin mayafi.

A wajen zaman makoki Nababa ya matsa kusa da Tasi'u.

"Ɗauko tsaninka da guduma."

"Alhaji ya saki?"

"Ɗauko dai."

Nababa ya kai shi gidansa, ƙofar wani ɗaki mai kwaɗo. Ɗakin matarsa Kaltume ne, wanda bai buɗe ba tun rasuwarta, bai kuma yarda kowa ya kwana ciki ba. Ya nuna sama da haɓa.

Tasi'u ya leƙa. "Baba, wannan ai duk tsatsa ne da hudar ƙusa. Falo ma ba zai kai ba."

"Kwano ka ce kana jira. Ga kwano. Hau."

Kafin la'asar an kware kwanon ɗakin Kaltume, an ɗora katako, an rufe uwar ɗakin Hure. Ruwan ya sauko washegari da azahar. Nababa ya kwashe abin da ya iya daga ɗakin Kaltume, gadon ƙarfen ne ya ƙi fita ta ƙofa. Ya tsaya a bakin zaure yana kallon ruwa yana sauka a kan gadon. Daga bayan katanga yana jin rugugin tsohon kwanon, da ƙarar ƙwarya a kan daɓe, Hure tana jan ta daga wannan ɗigo zuwa wancan.