Tabarmar da Jirgin Fatawu Ya Tashi a Kai

Rimot ɗin ya mutu a hannun Fatawu yana tsaye a ƙofar gida, ɗan jirginsa na ɗaukar hoto kuwa yana can sama, yana shawagi bisa rufin kwanon unguwar Choggu. Jiya an ɗauke wuta, da aka kawo ta sai gwanin naka ya caja batirin jirgi ya manta da na rimot. Ko gezau bai yi ba. Ai jirgin in ya daina jin mai shi, da kansa yake komawa inda ya tashi.

Da wannan yake cika baki. Tun da safe, a tsakar gidan da ake sunan ɗan ƙanwarsa Adizatu, ya share wuri ya shimfiɗa tabarma mai jan zane a tsakiya, ya ɗora jirgin a kai, ya tara mata yana musu bayani. Wai jirgin yana haddace hoton ƙasa sa'ad da zai tashi, in ya dawo sai ya nemo wurin ya dira a kai, ko taƙi ɗaya ba ya kaucewa. Mahaifiyarsa, Mma Mulikatu, ta ce, "Mun ji, injiniya. Matsa mu wuce da tukunya."

Ya shiga gida a hankali don ya tarbi kayansa. Yana ɗaga ido ya ga an zauna a kan tabarmarsa.

A gidan suna tabarma ba ta zama babu kowa. Baba Buraima wanzami ya iso ya ce haske yake so, mata suka ga shararren wuri da shimfiɗa, suka ce bismilla. Ga Mma Mulikatu nan a tsakiyar tabarmar, jaririn kwana bakwai a cinyarta, tsohon ya sunkuya, askarsa tana bin ɗan kan nan mai taushi. Makaɗa sun cika gidan da kalangu, ba wanda ya ji ƙugin jirgin. Shi kuwa ya riga ya tsaya cak a bisansu, ya juya hanci, ya fara saukowa.

Tsoro ya kama Fatawu. In ya yi ihu mata za su watse, wata ta bangaji tsohon, aska kuwa ba ta san jariri ba. In ya yi shiru, fukafukan nan huɗu masu yanka kamar reza za su sauka a kan ɗan ƙanwarsa. A ransa ya roƙi Allah jirgin ya yi kuskure yau, ko da na kamu biyu ne.

Ya kutsa. Dattawa suna jere a kan benci, inda ko babban mutum sai ya durƙusa ya gaida su kafin ya wuce. Ya tsallake ƙafafunsu da takalmi. Wani ya ce, "Kai! Yaron wa ne wannan?" Bai waiga ba.

Iskar jirgin ta fara kaɗa mayafin Mma Mulikatu. Za ta ɗaga kai Fatawu ya ce ƙasa-ƙasa, "Mma, kar ki motsa. Baba, tsai da hannu."

Ya yi ɗage bisa kansu ya miƙa hannu. Jirgin ya ji abu a ƙarƙashinsa, ya ja sama kaɗan, ya sake sulalowa. Fatawu ya cafke cikinsa. Abin ya yi kuka yana fizga, farfela ɗaya ta tsarge masa yatsu biyu. Ya cije leɓe, ya kifar da jirgin, injin ya mutu.

Kalangu ya tsaya. Baba Buraima ya dubi jinin da ke bin gwiwar hannun Fatawu, ya mayar da ido kan aikinsa, ya ƙarasa askin tsaf. Sannan ya ce, "Kawo hannun. Jinin rago ya ishe mu yau."

Mma Mulikatu ta tashi da jaririn, ta miƙa wa Adizatu da ta fito a guje. Ba ta yi faɗa ba. Jirgin kawai ta nuna da baki ta ce, "Da ka bar shi, a ina zai sauka?"

Fatawu ya dubi tabarmar. Sumar jaririn tana zube a kan jan zanen, daidai inda ƙafafun jirgin suka tsaya da safe.

Ya ce, "A nan, Mma."