Da Sauƙi

Wurin haɗa sabulun Auta ɗaki uku ne a jere, kowanne yana buɗewa cikin na bayansa. Na gaba shago ne, inda kwalaben sabulun ruwa da na bilic suke kan kanta. A na tsakiya ake ɗura kaya a manna musu takarda. Na ƙurya shi ne ɗakin haɗi, inda ake zuba garin soda da sauran sinadarai cikin duro, a yi ta juyawa da muciya mai tsawon mutum. Da can ɗakin yana da taga. Sai maƙwabci ya tayar da bene, katangarsa ta zo ta manne wa tagar har ba a iya zura hannu a tsakani. Tun daga lokacin, abin da ya tashi daga duro ba shi da hanyar fita sai ta ƙofa, ko ta ƙirjin wanda yake tsaye a kansa.

Wadda take tsaye a kansa ita ce Yaya, yayar Auta uwa ɗaya uba ɗaya. Da mijinta ya rasu, 'ya'yanta sun so ta koma gidan ɗayansu ta huta, ta ce ita ba ta kai zaman jiran kwano ba. Ta zo wurin ƙanwarta ta ɗauki muciya, hannunta kuwa ya karɓi aikin. Sabulun da ta haɗa ba ya tsinkewa, ba ya kwanciya a gindin kwalba. Masu saye ba su san fuskarta ba, amma in wani ya yi haɗin sukan gane.

Sai Yaya ta soma tari, ya fara kamar na kowa. Aka ce mura ce. Mura ta wuce, shi bai wuce ba.

A lokacin ne Auta ta shiga bita a cibiyar da ke tallafa wa masu ƙananan sana'o'i. Ana yi a wani ɗaki a saman bene, mai kujerun roba da fanka mai ƙara. Akwai masu gidan burodi, akwai teloli, akwai wani mai wanki da guga da bakinsa ba ya hutawa. Malamin bitar saurayi ne mai ladabi, ya san aikinsa, kuma da gaske yake so a amfana. Ranar da aka zo darasin haƙƙin ma'aikata sai ya ajiye alkalamin allo ya fuskance su.

"Lafiyar ma'aikaci nauyi ce a wuyan mai wuri," in ji shi. "Ban ce ku zama likitoci ba. Abu ɗaya nake roƙo. Kowace safiya, kafin a taɓa aiki, ki tsaya gaban ma'aikacinki, ki dube shi, ki tambaye shi jikinsa. Babu wanda ya fi mutum sanin jikinsa. Abin da ya gaya miki, ki yi aiki da shi. In kin yi haka kin sauke nauyi."

Maiwanki ya ɗaga hannu. "Malam, nawa yaran in na fara tambayarsu jiki, wallahi kullum sai an samu mai ciwon da ba ya tashi sai ranar da kaya suka taru."

Aka yi dariya, har da malamin.

An ce wannan darasi ya yi amfani a wurare da dama, kuma babu dalilin musawa. Mai yiwuwa a can, in an tambayi mutum jikinsa, labarin jikin yake bayarwa.

Washegari Auta ta fara da Maiɗuri, matar da ke aikin ɗakin tsakiya.

"Ya jiki?"

Maiɗuri ta dubi hannayenta, ta dubi ƙafafunta. "Lafiya lau, uwar ɗakina. Wani ya ce ba ni da lafiya ne?"

"A'a. Sabon tsari ne."

"To Allah ya sa mu ga alherinsa."

Auta ta wuce ɗakin haɗi. Yaya tana ɗaure ɗankwali, ta juya mata baya.

"Yaya, ya jiki?"

"Gaisuwar da kika yi min a ƙofa ba ta karɓu ba ne?"

"An ce mu riƙa tambaya."

"Wa ya ce?"

"A wajen bita."

"To ki gaya wa bita da sauƙi."

Auta ta koma shago zuciyarta fes, ta yi abin da aka ce. Sai da ta zuba wa wata mata bilic a leda ta miƙa mata, sannan maganar ta dawo mata. Maiɗuri ta ce lafiya lau, har tana neman jin haushi. Yaya ba ta ce lafiya lau ba. Mai lafiya ba ya cewa da sauƙi. Kalmar majinyaci ce, kuma ba ta da mataki: mai ciwon kai ita yake faɗa, wanda aka kewaye gadonsa ma ita yake faɗa.

Ta ci gaba da tambaya kowace safiya, amsar ba ta sake ba. Muryar da ke ba da amsar ce take sakewa. Ta fara dushewa, daga baya ta koma kamar ana jan buhu a kan siminti. Auta ta sayo takunkumin fuska da safar hannu. Yaya ta sa safar, takunkumin kuwa ta rataye shi a ƙusa.

"Numfashin da nake nema ne za ki zo ki toshe min?"

"Yaya, saboda warin ne."

"Ni ba na jin wari."

Wannan ma gaskiya ta faɗa. Ta daina jin wari.

Wata rana da azahar, shago babu kowa, Maiɗuri ta leƙo tana goge mazurari da tsumma. Ta yi ƙasa da murya.

"Kar ki ce ni na gaya miki. In kin fita, Yaya kife bokiti take yi ta zauna. Ta juya kaɗan, ta zauna. Jiya ta fito nan wurina ta dafa bango, bakinta a buɗe, na ce in kawo ruwa, ta ɗaga min hannu. Da ta ji motsin ƙofarki sai ta koma ta ɗauki muciya."

"Me ya sa ba ki gaya min ba tun tuni?"

"Ai na ga kullum kina tambayarta."

A bita ta gaba Auta ta jira aka zo lokacin tambayoyi.

"Malam, in ka tambayi mutum ya ce da sauƙi fa?"

"To alhamdu lillahi. Sauƙi yana samuwa ke nan. Ki ci gaba da lura."

Da aka tashi Auta ta fito. A matakalar bene Maiwanki ya cim mata, yau babu dariya a fuskarsa.

"'Yar'uwa, wane ne ba shi da lafiya?"

"Yayata."

"Ni dai tun da nake zuwa dubiya ban taɓa shiga ɗaki aka ce min babu sauƙi ba. Har kawuna. Da sauƙi ya ce min, na sa takalmi, ban kai bakin titi ba aka biyo ni." Ya gyara hularsa. "Ki daina tambayarta. Ki dube ta kawai."

Cikin tsarin cibiyar akwai ziyarar wuraren sana'a, kuma layi ya zo kan Auta. Malamin ya zo da hantsi. Ya yaba tsabtar shago, ya yaba jeren kwalabe, ya yi wa Maiɗuri sannu. Da ya isa ƙofar ɗakin haɗi sai ya tsaya cak. Idanunsa suka kawo ruwa. Ya yi tari, ya ja da baya, ya ciro hankici ya rufe hanci. Yaya tana ciki tsaye a kan duro, ta miƙe sosai kamar mai jiran a ɗauki hotonta.

"Sannu da aiki, Mama. Ya jiki?"

"Da sauƙi, ɗana."

"Madalla. Allah ya ƙara sauƙi."

Bakinsa ne ya faɗa, yadda aka koya masa tun yana yaro. Amma da suka dawo shago ya daɗe yana kallon ƙasa.

"Ɗakin nan bai kamata mutum ya wuni a cikinsa ba," ya ce. "A fasa wata tagar ta wancan gefen, a sa fanka mai zuƙe iska. Zan haɗa ki da wanda ya iya. Sai dai mai gidan zai yarda a fasa masa bango?"

"Ya yi tafiya. Sai ya dawo."

"To kafin nan a dakatar da haɗi. Ita kuma a kai ta asibiti. Ba gobe ba in da hali." Ya mayar da hankicinsa aljihu. "Abin da na faɗa muku a aji, a littafi haka yake."

"Na sani, Malam."

Da ya tafi Auta ta tura Maiɗuri kai kaya, ta shiga ɗakin haɗi. Maƙogwaronta ya fara ƙaiƙayi tun daga bakin ƙofa.

"Yaya, ajiye muciyar nan mu yi magana."

"Ina jinki, ranki ya daɗe."

"Daga yau ki dawo shago. Ke za ki riƙa zama da masu saye. Gobe da safe kuma mu je asibiti."

Yaya ta ci gaba da juyawa. "Wa zai yi haɗin?"

"Babu haɗi sai an fasa taga."

"Masu otal ɗin da ke jiran kayansu fa? Ki ce musu su wanke bayinsu da taga?"

"Su jira."

"Ba za su jira ba, wani wurin za su koma. Kin sani, na sani." Ta tsaya, ta jingina da muciyar. "Faɗi abin da ke bakinki, Auta. Korata kike yi."

"Subhanallahi. Ni na isa?"

"Kujera a shago. In zauna ina kore ƙuda, ki riƙa ba ni don Allah. Abin da na gudo wa a gidan 'ya'yana ke nan, ashe yana nan yana jirana a wurin ƙanwata."

"Yaya, ba ki iya numfashi!"

"Wa ya gaya miki? Waccan mai bakin mazurarin?"

Sai tarin ya kama ta. Ya daɗe. Ta duƙa, hannu ɗaya a bakin duro, ɗayan yana laluben iska. Auta ta kama kafaɗarta, ta ji ƙashi ne kawai a ƙarƙashin riga. Da ya lafa Yaya ta ture hannun, ta goge bakinta da gefen zane, ta naɗe wurin da sauri ta soke a ƙugu.

"Kin tambaye ni, na amsa miki," ta ce, kalma ɗaya ɗaya. "Kullum kina tambaya, kullum ina amsawa. Me ya rage a wuyanki?"

Auta ta kama hannunta. Ta ja ta zuwa ɗakin tsakiya, ta ciro kwaɗon da suke rufe ma'ajiyar kaya da shi, ta datse ƙofar ɗakin haɗi, ta sa makullin a jaka. Yaya ta tsaya tana kallonta. Ta yi wata 'yar dariya da babu sauti a ciki, ta ɗauki mayafinta ta fita, ko sai anjima ba ta ce ba.

Da la'asar Auta ta kira babban ɗan Yaya a waya. Ta san yayarta za ta ɗauki wannan cin amana, amma ta kira.

"Inna, ai ɗazu muka yi magana da ita," in ji shi. "Na ji muryarta wata iri, na tambaye ta, ta ce da sauƙi. Wani abu ya faru ne?"

"Ka zo gobe. Ka zo da mota."

"Gobe ina da aiki, Inna. Jibi fa?"

"Ka zo gobe."

Gari na wayewa ta nufi gidan Yaya. Ƙofar ɗakin a rufe. Maƙwabciya da ke shara a tsakar gida ta ce ai tun da sassafe ta fita, ta ce aiki ya yi mata yawa.

Auta ba ta tuna yadda ta iso titinsu ba. Ƙofar shago a buɗe take kaɗan. Warin ya tarye ta tun daga kan dakali, ya fi na kullum ƙarfi, irin na haɗi biyu a lokaci ɗaya. A ɗakin tsakiya kwaɗon yana rataye a buɗe. Sai yanzu ta tuna makullan ma'ajiya biyu ne, ɗayan tun farko a ɗaure yake a bakin zanen Yaya tare da na ƙofar shago.

Daga ciki tana jin muciya tana gurzar gindin duro, a hankali, a hankali.

"Yaya!"

Gurzar ta ci gaba. Sannan ta tsaya. Auta ta saurara ko za ta ji tari. Babu tari.

Ta tura ƙofar. Yaya tana zaune a ƙasa, bayanta a jikin bango, ƙafafunta a miƙe. Muciyar tana tsaye cikin duro tana karkata da kanta. Idanunta a buɗe, leɓunanta sun yi duhu, ƙirjinta yana ɗagawa ba ya sauka yadda ya kamata. Auta ta riƙe numfashi, ta kama ta ta hammata, ta ja ta. Ta ratsa ɗakin tsakiya da ita, kwalabe suna faɗuwa suna gangarawa, ta ratsa shago, ta fito da ita kan dakali inda iska take.

Yaya ta damƙi wuyan hannunta. Bakinta yana motsi. Auta ta kai kunne.

"A juya," ta ce. "Zai daskare."

Auta ta zare hannunta ta faɗa tsakiyar titi tana ɗaga hannu biyu. Motar farko ta kauce mata ta wuce, direban yana zagi. Akwai wata tana tahowa daga nesa. Ta tsaya a inda take, tana waiwayen dakali tana duban ko ƙirjin yana ɗagawa.