Ai Ba Magani Ba Ne

A ɗaki na goma sha huɗu na masaukin ɗalibai ba a bukatar agogo. Shida da rabi na yi ɗalibin da ake wa laƙabi da Mai Kwalabe zai buɗe lokarsa, sai ka ji kacau-kacau, kowa ya san gari ya waye. Kwalba bakwai ce jere a kan littattafansa: man kifi, tafarnuwar da aka mayar ƙwaya don kada ta yi wari, bitamin iri uku, wani ganye na ƙara kaifin ƙwaƙwalwa, da wata ja da shi kansa sai ya duba takarda yake tuna amfaninta. Yakan kora su da rabin kofin ruwa, galibi a cikin da bai ga karin kumallo ba.

Abokin ɗakinsa, wani ɗan sashen lissafi da ake kira Sifili, ya taɓa leƙo kai daga gadon sama ya ce, "Mutum lafiyarsa lau, amma ya fi mai jinya shan magani."

"Ai ba magani ba ne. Ƙarin abinci ne."

"To ina abincin da ake ƙara wa?"

Mai Kwalabe bai kula shi ba. Wa zai tsaya musu da ɗan lissafi a kan abin da yake karantawa shekara huɗu? A sashen kimiyyar abinci yake, kundinsa na gama digiri ma a kan wannan ne: yadda ɗalibai ke shan irin waɗannan ƙwayoyi, da iyakar saninsu game da su. Ɗalibi ɗari biyu ya tare a ƙofar laburare da ta ɗakin cin abinci, ya sa suka cika masa takardar tambayoyi. Ranar Laraba ƙarfe goma zai kare kundin a gaban baƙon farfesa, wanda sau ɗaya yake zuwa a shekara. Wanda ya faɗi ko ya rasa ranar, sai baɗi. Mahaifiyarsa, wadda tela ce, har ta ɗinka masa kwat ta ce za ta rufe shago ta zo.

Ana wata ga wata. Ranar Litinin matauninsa na hagu ya tashi da ciwo, kunci ya kumbura. Talata da safe ya sami kansa kwance a kujerar likitar haƙori, fitila a fuska.

"Sai an cire," in ji ta. Ta jawo takarda da biro. "Kana da hawan jini? Ciwon suga? Kana shan wani magani?"

"A'a, Likita." Ya faɗa da alfahari, kuma har ga Allah bai ji ya yi ƙarya ba.

Aka cire haƙori, aka danna masa auduga, aka ce ya cije minti talatin. Ya cije awa guda. Ya canza auduga, ta jiƙe. Ya canza wata. Da la'asar kwandon sharar ɗakin ya yi jajir, shi kuma yana zaune bakin gado da kundi a cinya, ya kasa karanta ko layi ɗaya. Tsoro ya kama shi sosai, ba na jinin ba ma, na goben.

Sifili ya diro daga gadon sama. Ya buɗe loka, ya kwashe kwalaben duka a leda, ya tasa ƙeyarsa suka koma.

Likitar ta jera su a tebur tana ɗaga kowacce tana karantawa. "Wasu a cikin nan na iya tsinka jini, kai kuma ka haɗa su gaba ɗaya. Samari, ban tambaye ka ba?"

Ya yi magana ta cikin auduga. Sifili ya fassara: "Wai ba magani ba ne."

"Madalla. Me kake karantawa a jami'a?"

Wannan karon Sifili ya ji tausayinsa, ya ce bai ji abin da ya faɗa ba. Ta yi masa ɗinki biyu, ta ce kwalaben su huta, shi ma bakinsa ya huta.

Laraba ya shiga zauren da kwat sabuwa fil da kunci kamar ya ɓoye lemo. Malamar da ta duba aikinsa ta gan shi ta dafe kai. Baƙon farfesa, wani tsoho siriri mai gilashi a kan karan hanci, ya bar shi ya lallaɓa bayaninsa da rabin baki, sannan ya buɗe shafi sittin da biyu.

"Ka rubuta cewa bakwai cikin goma na masu shan ƙwayoyin nan ba sa gaya wa likita. Na yarda, ga alƙaluma. Sai ka ce dalili shi ne jahilci." Ya ɗago. "Ka tambaye su dalilin, ko kuwa kai ka yanke musu?"

Malamarsa tana yi masa alama da ido ya tsaya a kan abin da ya rubuta. Amsar ma tana nan, ya haddace ta tun makon jiya, da sunayen masana uku. Sai dai yana jin ɗanɗanon jini a harshe. Laifi tudu ne, ya taka nasa wata shida yana hangen na mutum ɗari biyu.

"Ban tambaye su ba, ranka ya daɗe. Kuma ba jahilci ba ne."

"Kana rushe babinka na biyar ke nan?"

"Eh. Sun san sunan kowace ƙwaya. Likita yana tambayar magani, su kuma an koya musu cewa wannan ba magani ba ne. Sai su ce a'a da zuciya ɗaya."

"Hujja?"

Ya zaro hankici, ya ciro audugar daga bakinsa, ya ba da labarin jiya a taƙaice. Wani a baya ya tuntsire da dariya. Tsohon bai yi ba. Ya daɗe yana rubutu.

"Wannan ne kaɗai abin da ka gano da kanka a duk kundin nan," in ji shi. "Ka ci. Mako biyu, ka sake babi na biyar."

Ya fito daga zauren. Mahaifiyarsa na zaune a benci a baranda, da jaka a cinya da tsinken zare maƙale a mayafinta.

"Mama, na ci!"

Ta rungume shi tana hamdala, sannan ta ja baya ta kama haɓarsa. "Auta, wa ya fasa maka baki?"

Ya ba ta labari yana dariya, yanzu da abin ya zama na dariya. Ita ba ta yi ba. Ta zuge jaka a hankali, ta fito da kwalba uku irin nasa, waɗanda ya kai mata lokacin hutu, duk sun kusa ƙarewa.

"Jibi za a yi min aikin tiyata a ciki. Ban gaya maka ba don kada hankalinka ya rabu," ta ce. "Likitoci sun tambaye ni ko ina shan wani magani, har sau biyu. Na ce musu a'a. Na ce a raina ɗana a jami'a yake, shi ya gaya min waɗannan ba magani ba ne."