Talata ta Bakwai

Shekara goma sha tara Gwaggo tana goge hawa na uku a kamfanin jigilar kaya, ko kofin shayi bai taɓa fashewa a hannunta ba. Sai ga shi rana tsaka an manna takarda a allon sanarwa, wai ita ce ke zare wayar na'ura da mofarta ta goge ƙasa.

Ba ta iya karatu ba, don haka ta ɓalle takardar ta kai wa 'yarta. 'Yar ta karanta tana rage murya: sakaci, an mayar da ita wankin banɗakunan ƙasa, in abin ya sake faruwa kora ce.

"Inna, ki bar su da halinsu."

"In bar su? Uwarki aka rataye a bango kamar kalanda, ki ce in bar su?"

Abin da ya jawo maganar wani ɗan ɗaki ne mai sanyi a ƙarshen baranda. A ciki akwai akwatin ƙarfe tsaye kamar firji, na'urori jere suna ƙifta koren ido. Ta saman ita ce suwic, ta cikinta duk kwamfutocin ginin ke magana da juna. In ta ɗauke, ko takarda ɗaya ba ta fita, manyan motoci su yi layi a ƙofa, direbobi na zage-zage. Sau uku ta ɗauke, duka ranar Talata da hantsi, kuma Talata da hantsi ne ake buɗe wa Gwaggo ɗakin ta goge. Shi ke nan, an samu mai laifi.

Amma Gwaggo tana da nata littafin. A bayan ƙofar sitonta, duk Talatar da ta karɓi sabulun mako sai ta ja layi da alli. Ranar da aka yi mata tsawa kan na'urar kuwa, haushi kan sa ta gicciye layin. Ta tsaya ta ƙirga da yatsa, tun daga ranar da aka kawo na'urar ta share kwalayenta: layi shida lafiya, na bakwai a gicciye. Sau uku, babu kuskure.

Ta fara tarar Injiniya, mai kula da na'urorin, a bakin matakala.

"Gwaggo, na'ura ba ta san Talata ba," ya ce yana dariya. "Na duba, ta nuna ta mutu ta tashi. Wani ne ya taɓa ta."

"Ka ga hannuna a kai?"

"Ban gani ba, amma..."

"To riƙe ammanka, ɗan nan. Lokacin da na fara goge wannan benen, kai ake goge wa majina."

Daga nan ta wuce ofishin Manaja ba ta jira an yi mata iso ba. Ta dire mofa a kan teburinsa, ruwa na ɗiga kan fayil.

"Ranka ya daɗe, ga ɓarauniyar wayarku, ka tsare ta. Talata ta bakwai in ta zagayo, ka kulle ɗakin can da hannunka, makulli a aljihunka. Ni zan zauna a waje kana kallona. Na'urarku za ta mutu."

"In ba ta mutu ba fa?"

"Ba sai ka kore ni ba. Da ƙafata zan fita."

Manaja ya ga hanya ce mai sauƙi ta rabuwa da fitinanniyar tsohuwa, ya ce ya yarda.

'Yarta ta yi ta roƙo har ranar. "Inna, aikin naki kika sa a caca kan layin alli?" Gwaggo ta ɗaura ɗankwali ta ce wanda ya rasa sunansa ba shi da sauran abin da zai yi asara.

Talata da hantsi ta kifa bokiti a baranda ta zauna, hannuwa bisa cinya inda kowa zai gani. Ta gilashin ƙofa ana hango fitilun suna ƙiftawa abinsu. Ƙarfe goma ta yi. Goma da kwata. Ma'aikata suka fara leƙowa suna ƙus-ƙus. Injiniya ya jingina da bango yana latsa waya.

"Gwaggo, ko Talatar ta yi makara ne?" in ji Manaja yana duba agogo.

Ta gyara zama a kan bokiti. "Sai na canza ruwa na biyu take yi. Da saura."

Goma da rabi ta wuce. Manaja ya sa hannu a aljihu zai ciro makulli ke nan, sai fankar na'urar ta yi wani irin gurnani, fitilu suka koma ruwan ɗorawa, suka ɗauke ɗif. Daga ƙasa wani ya ƙwala ihu wai netwok ya tafi.

Gwaggo ta ɗaga tafukanta biyu sama.

Manaja ya buɗe ɗakin, Injiniya ya shige da kwamfutarsa, ya daɗe yana dube-dube. Da ya fito bai iya haɗa ido da ita ba. Ya ce masu ƙera na'urar sun fitar da sanarwa tun wata biyar baya: akwai kuskure a manhajarta. Tana ƙirga lokaci tun daga sa'ar da aka kunna ta, in ƙirgar ta cika mako bakwai sai ta rikice, ta kashe kanta ta faro daga farko. Gyaran yana nan, saukewa kawai za a yi.

"Me ya hana ka saukewa?" Manaja ya daka masa tsawa.

"Na ɗauka sabuntawa ce ta yau da kullum, ban karanta ba. Kuma sau biyu na nemi a ba ni rabin awa in kashe ta, ka ce aiki ba zai tsaya ba."

Gwaggo ta miƙe tana dafa gwiwa. "Wato bokitinku ne ke cika yana zubewa, kuka ce nawa ne. Mai karatu bai karanta ba, mai iko bai ba da lokaci ba, sai mai mofa."

"Ki yi haƙuri, Gwaggo. Ki koma aikinki na sama, magana ta wuce."

"Ba ta wuce ba. A bango ka ɓata ni, a bango za ka wanke ni. Takarda irin waccan, girmanta ɗaya, da sa hannunka. Kuma biyu za ka buga, ɗaya in kai wa 'yata, kada a rubuta min wani abu daban."

Haka aka yi. Kafin a tashi aiki Injiniya ya sa gyaran, tana tsaye a kansa har fitilu suka dawo kore. Da yamma 'yarta ta karanta takardar, Gwaggo ta sa ta maimaita wajen da aka ce ba ta da laifi har sau uku.

Duk da haka ba ta yarda da su ba. Ta ci gaba da jan layinta, kuma a Talata ta bakwai ta goge ɗakin a hankali, ta canza ruwa na biyu, ta tsaya riƙe da ƙugu tana hararar na'urar har azahar. Sannan ta koma sito ta ja layi ɗaya miƙaƙƙe.